Ko Mu Aka Nufa Tun Farko

Arlit, ranar Juma'a bayan la'asar

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da kai a makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Babu motar da ke zuwa inda kake, ko da akwai ma ban san hannun da zan danƙa wa ba. Amma na gaji da yi maka magana a zuci ina wanke hannu a matarnite, asibitin haihuwar da nake aiki, shi ne na ce bari yau in zauna in rubuta, ko abin zai sauka daga ƙirjina.

Gida lafiya. Babbar ƴarmu ta Maraɗi ta sake haihuwa, namiji, an mayar masa da sunanka, don haka ni ba na iya kiransa, Malam Ƙarami nake ce masa. Gwiwoyina sun ƙara tsanani, yanzu a zaune nake yin nafila. Garin kuwa yadda ka bar shi yana tangaɗi bayan rufe min ɗin Akokan, ramin haƙar yuraniyom, bai miƙe ba. Abokan aikinka da yawa sun kwashe iyali sun koma Tawa da Damagaram. Masu kabu-kabu sun fi masu hawa yawa, suna zaune kan moto a bakin kasuwa suna kallon juna. Sabon ramin Imuraren da kuka yi ta jira tun ɗanmu Laminu bai shiga lakwal ya fara karatun boko ba, an karɓe izinin daga hannun masu shi, mu dai har yau ba mu ga an fara komai ba. Haihuwa ce kaɗai ba ta tsaya ba. Ita ba ruwanta da ko min na aiki ko ba ya yi.

Ba don labarin gari na ɗauki biro ba. Maganar Laminu ce, kuma in an bi ta, maganarka ce.

Kana tuna ranar da ka shigo da wani baƙin dutse a aljihun rigar aiki? Na yi maka faɗa kan shigo da dutsen min cikin gida, ka ce in kwantar da hankali, wannan ba daga inda ƙarfen yuraniyom yake ba ne. Ka zauna kan tabarma, ka raba shi biyu a gaban yara, sai ga hoton ganye a ciki da jijiyoyinsa duka, kamar jiya ya faɗo daga reshe. Shekarunka nawa kana bin injin haƙa, kana jera duwatsun da yake fitowa da su daga ƙarƙashin ƙasa, amma ban taɓa ganin fuskarka ta yi haske irin na ranar ba. Ka ce wa yara wannan wurin da ba shi da inuwa ya taɓa zama koguna da kurmi. Ka ce akwai lokacin da ruwan teku ya rufe shi. Ka ce daga baya manyan dabbobi sun yi yawo a nan, waɗanda ƙasusuwansu ke kwance can wajen Ingal. Rai ya faro cikin ruwa ɗan mitsitsi, ya yi ta sauya kama, ya hau tudu, ya yi ƙafa, ya yi gashi, har aka iso gare mu.

Ni da na yi karatun ungozoma na taɓa jin wannan a aji, na rubuta a jarrabawa na manta. Kai kuwa ba ka ɗauke shi abin jarrabawa ba. Ka ce ba ka ga inda ya ci karo da imaninka ba. Allah ba ya gaggawa. Wanda ya sa ɗan tayi ya yi wata tara yana sauya siffa a cikin uwarsa, daga ɗigo har ya zama mutum, me zai hana ya sa halitta duka ta yi irin wannan doguwar tafiya? Kuma kullum kana ƙarawa da cewa tafiyar tana da madugu. Ka ce wanda ya hangi ayarin gishiri a tsakiyar hamadar Tenere zai zaci yawo yake yi, yana karkata nan yana karkata can, amma madugu ya san rijiyar da ya nufa. Rijiyar kuwa a wurinka mu ne: halittar da za ta fasa dutse, ta ga ganye, ta tambayi wanda ya yi shi.

Yayanka Isuhu bai taɓa son maganar nan ba, ka sani. Shi a wurinsa zancen gajere ne. An halicci Annabi Adamu daga ƙasa, an hura masa rai, shi ke nan, duk wanda ya sa kifi da biri a tsakani ya ƙara abin da ba a ce ba. Kai kuma sai ka yi murmushi ka ce ba ka musun Annabi Adamu, kai dai kana duban tsawon lokacin da aka ɗauka ana kwaɓa ƙasar. Haka za ku yi ta yi a kan shayi har a kira magariba, ku tashi ku tafi masallaci tare. A lokacin ina ganin abin kamar wasan dara ne na ƴan'uwa biyu. Ban lura da Laminu ba, yana rakuɓe a bayanka yana shanye kowace kalma.

Bayan rasuwarka ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi jami'a a Yamai, ya zaɓi karatun halittu. Ban yi mamaki ba. Na yi kuka ne kawai don ba ka nan ka gani.

Bana ya zo hutu, ya yi tsawo ya rame, muryarsa ta koma taka har nakan firgita in ya yi sallama. Ana cikin haka aka yi sunan jikan Yaya Isuhu. Maza suna rumfa a ƙofar gida, mu muna ciki, katanga ce kawai tsakaninmu. Wani tsohon abokin aikinka ya ga Laminu ya ji daɗi, ya ce ga ɗan Malam, to faɗa mana, can babbar makaranta sun ce babanka ya yi gaskiya? Da alheri ya yi tambayar. Da Laminu ya ce eh ya yi shiru, da an ci shinkafa an watse. Amma ɗanka ne. Ya ce Baba ya yi gaskiya a rabi.

Da kunnena na ji, Malam. Ya ce sauyawar halitta gaskiya ce, amma shi bai ga madugu a cikinta ba. Ya ce ba hanya ɗaya ba ce mai zuwa rijiya, sarƙaƙiya ce mai rassa ba iyaka, kuma mafi yawan rassan sun bushe tun tuni. Ya ce dabbobin nan na Ingal sun daɗe a duniya daɗewar da mutum bai kama ƙafarta ba, kuma da abin da ya hallaka su ya kuskure su, da watakila babu mu. Ƙuda ma yana kan ƙarshen reshensa, kunama ma haka. Sannan ya faɗi maganar da ta sa wurin ya yi tsit. Ya ce Baba ya tsaya ne a ƙarshen hanya ya waiwaya, shi ya sa ya ga kamar wurinsa aka nufa, raƙumi ma da zai iya waiwaye abin da zai gani ke nan.

Daga nan sai na ji ana janye kujeru.

Washegari Yaya Isuhu ya zo gida. Bai zauna kan tabarmar da na shimfiɗa masa ba. Ya ce: “Habsatu, kin ga inda hanyar mijinki ta ɓulla. Shi ya ɗan buɗe ƙofa, ɗansa ya cire ƙyauren gaba ɗaya.” Ya ce yaron ba zai koma Yamai ba. Zai zauna tare da shi a shagonsa na kayan mota da ke bakin tasha, da yamma ya riƙa zuwa gaban malami. In kuwa ya ƙi, to ya cire hannunsa daga kansa, ranar da zai nemi aure ya nemi wani uban. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne da ya sassauta murya ya ce yana ji maka tsoro a kabarinka saboda abin da ka shuka. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ya kawo ruwa. Shi ya sa ta fi ciwo. Kwana biyu abinci bai wuce mini ba.

Na kira Laminu ɗaki na tambaye shi kai tsaye ko ya bar Allah ne. Ya sunkuyar da kai ya ce: “Inna, ban ce babu Allah ba. Na ce ban gani a cikin ƙashi da dutse cewa mu aka nufa ba. Ba zan ce na gani ba alhali ban gani ba.” Me zan ce masa? Kai ka koya masa kada ya ce ya ga abin da bai gani ba. Salla kuwa, wani lokaci ina jin ƙarar buta, wani lokaci ba na ji. Na kama kaina ina kasa kunne kamar mai gadi, har na ji kunyar kaina.

Kowannensu ni yake jira. Yaya Isuhu yana so in ce kai ma da kana raye da ka tsawata masa. Laminu yana so in ce da kana raye da ka saurare shi har ƙarshe. Sun mayar da ni alƙali a kan abin da ke cikin zuciyar mamaci. Babu wanda ya tambaye ni abin da ke cikin tawa. Kai ma ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. To yau zan faɗa maka.

Malam, ni ma ban taɓa yarda da kai duka ba.

Ka sha cewa abu biyu ne kambin halitta: da muka miƙe tsaye kan ƙafa biyu, da kuma wannan babban kai mai tunani. In kana faɗa nakan dubi hannuwana. Ni ce nake sa hannu tsakanin abubuwan nan biyu kullum. Ƙugun da ya matse don mu iya tsayuwa, da kan da ya girma don mu iya tunani, a ɗakin haihuwa suke haɗuwa, kuma ba kullum suke rabuwa lafiya ba. Akuyarmu takan haihu a bayan ɗaki tana tuƙa, ta tashi ta lashe ɗanta, kafin azahar yana tsalle. Mace kuwa sai ta kwana ta yini tana fama, wata ta tsage, wata ta fita da yoyon fitsari, wata ba ta fita ba. Idan mu aka nufa tun farko, kuma aka ɗauki duk wannan lokaci ana shiri, me ya sa ƙofar shigowarmu ta zama mafi ƙunci?

Ba a kan matan mutane kaɗai na san wannan ba. Ka san ɗan da muka rasa tsakanin Babba da Laminu, wanda ba a kai ga raɗa masa suna ba. Ni da nake karɓar haihuwar wasu, tawa ta gagare ni. Ka shigo bayan kun dawo daga binne shi, ka riƙe hannuna ka ce Allah ya san abin da yake nufi. Gaskiya ka faɗa, ban musa ba a lokacin, ba na musu yanzu. Amma na juya fuskata bango. Da watanni suka wuce ka koma zancen duwatsunka da madugunka, ni kuma da ka fara sai in tashi in ce tukunya za ta kama. Ka zaci zancen ne ya gundure ni, har kana tsokanata. Ba tukunya ba ce, Malam. Ba na iya jin an ce hanyar tana tafiya daidai alhali na san wanda aka bari a gefenta. Ban faɗa maka ba don na ga maganar tana riƙe da kai, kamar yadda sanda ke riƙe da mai ciwon ƙafa. Wa zai fizge wa mijinsa sanda?

Da haka nake ta juya maganar su Yaya Isuhu, ban ba kowa amsa ba, sai abin ranar Talata ta makon jiya ya faru.

Da tsakar rana wata mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya ƙofar matarnite. Matar wani makiyayi ce daga Gugaram, kwance kan bargo, da mijinta da wata tsohuwa gwaggonta. Tun shekaranjiyar ranar take naƙuda a daji. Ina sa hannu na san abin da ake ciki: kan ya sauko ya cije, ba gaba ba baya. Likita ya ce sai an yi aiki nan take, amma matar ta zubar da jini da yawa, kuma irin nata babu shi a ajiye. Mijin nasa bai dace ba, tsohuwar kuwa ba ta da abin bayarwa. Daidai nan Laminu ya iso kan moto da kwanon abincina, don ya ga ban dawo ba. Jininsa irin naka ne, wanda ake sa wa kowa. Ban ma gama yi masa bayani ba ya naɗe hannun riga.

An ciro jaririya, mace, da ranta. Ta yi kuka mai ƙarfi. Uwar kuwa mahaifarta ta riga ta tsage tun a hanya. Mun yi abin da muka iya, jinin ɗanka ya shiga jikinta ya fita ta wani wuri. Kafin la'asar ta cika.

Ni aka bar wa faɗa wa mijin. Dogon mutum ne da rawani, yana tsugune a inuwar katanga tun da suka zo. Hausarsa ba ta da yawa. Da ya gan ni ya miƙe ya ce: “Madam, matata ya gaji da hanya. Ya yi barci?” Shekara nawa ina wannan aiki, har yau ban sami kalmar da ta dace da wannan wurin ba. Na faɗa masa. Bai yi kuka ba, ya ja rawaninsa ya rufe har idanu, ya koma ya tsuguna.

Ba su san kowa a Arlit ba. Ga zafi, gawa ba za ta iya komawa Gugaram ba. Ina tsaye ina tunanin ta inda za a fara, sai na ga Laminu, da auduga manne a hannunsa, ya tayar da moto. Na ce ina za ka, jiri zai ɗebe ka. Ya ce wurin Baba Isuhu. Tun ranar suna ba su yi magana ba. Amma duk unguwarmu an sani, in baƙo ya mutu ba shi da kowa, Yaya Isuhu ake kira. Shi ya san inda ake samun likkafani, shi ya san masu haƙa.

Ya zo, Malam. Bai tambayi komai ba, ya rufe shago ya zo da mutanen tasha. Ni da tsohuwar muka yi mata wanka. Aka ce mini Yaya Isuhu da Laminu su suka kama gaban makara, ɗaya dama ɗaya hagu, har maƙabarta, wadda kake ciki. Aka kuma ce mini Laminu ya tsaya a sahu da aka yi mata salla. Ban tambaye shi abin da ya faɗa a zuciyarsa ba.

Da suka dawo ya same ni a matarnite ina ba jaririyar madara da ɗan cokali. Ƙurar maƙabarta tana ƙafarsa. Ya zauna kan benci ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce a hankali: “Inna, don wannan aka yi duk doguwar tafiyar nan?” Ban sani ba ko gawar da ya binne yake nufi ko ƴar da ke cinyata. Ina jin shi ma bai sani ba. Ƴar ta damƙe ɗan yatsana da hannunta duka, tana haɗiya da ƙyar, ta ƙi sakina. Na buɗe baki in ba shi amsarka, ta ƙi fita. Na nemi tasa ta kansa, ita ma ta ƙi. Sai na ce masa ya miƙo mini tsumman can.

Bayan kwana biyu na sa mayafi na tafi gidan Yaya Isuhu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa godiyar abin da ya yi wa baƙin. Sannan na ce Yaya, ka yi haƙuri, yaron nan zai koma karatunsa. Na ce in ka tsare shi a shago tambayar ba za ta fita daga kansa ba, sai dai ya daina faɗa mana, ni kuwa na fi son ɗan da nake jin abin da ke ransa, ko da yana ba ni tsoro. Na ce batun ƙaninka kuma, don Allah ka bar shi da Ubangijinsa. Ni na zauna da shi, na ga yadda yake salla, na ga yadda yake duban ganye a cikin dutse, ban ga bambanci a fuskarsa ba. Ban taɓa yi wa Yaya Isuhu magana mai tsawon haka ba tun da aka kawo ni gidanku. Ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce: “Ke kika sani.” Bai janye abin da ya faɗa kan auren ba, bai kuma maimaita ba. A haka muka tsaya, kuma ban san ko za ta gyaru ba.

Za ka so ka ji inda ni na tsaya. Ban tsaya ko'ina ba, Malam, na dai zauna don na gaji. Allah ne ya yi mu, wannan ban taɓa kokwanto a kansa ba ko ranar da na juya fuska bango. Abin da ban sani ba shi ne ko mu ne dalilin komai, ko kuwa muna cikin abubuwan da ya yi ne kawai, yana sonmu yadda ya so, ba tare da ya rubuta mana dalilinsa a jikin dutse ba. Kai ka ce ka karanta nufinsa a can ƙarƙashin ƙasa. Laminu ya ce ya duba bai ga rubutu ba. Yaya Isuhu ya ce bai kamata a duba ba. Ku ukun nan kuna da ƙarfin da ni ba ni da shi. Ni abin da na sani shi ne in an kawo mace tana naƙuda, ba na tuna ko ɗaya daga cikinku sai bayan na wanke hannu.

Akwai tambayar da na so in yi maka a watanninka na ƙarshe na kasa. Kai ka gaya mini ganyayen nan na da, da suka ruɓe a gindin koguna, su suka kama yuraniyom suka tara shi wuri ɗaya. Ka ce dubi hikima, an ajiye shi tun babu mutum, yana jiran ranar da za mu zo mu kafa gari a kansa mu ci abinci. To mun zo, mun ci. Sannan tarin nan ya kama ka. Likitoci ba su yanke mana cewa ga abin da ya jawo shi ba, ni ma ba zan ɗora wa kowa ba. Amma lokacin da kake zaune jingine da matasai don kwanciya ta gagare ka, kana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ko ka taɓa tambayar kanka? Ko sau ɗaya? Ka riƙa duban rufin ɗaki kana shiru mai tsawo, in na ce me kake tunani sai ka ce babu komai. Watakila kai ma kana da abin da ka ɓoye mini don kada ka karya ni. In haka ne, mun yi zaman shekarun nan kowa yana kare ɗan'uwansa daga tambaya guda.

Tsohuwar ta tafi da jaririyar Gugaram. Na haɗa mata gwangwanin madara, na nuna mata yadda za ta tafasa ruwa, ta ce in ya ƙare akwai akuya mai shayarwa. Ban san sunan da za su sa mata ba. Ban san ko za ta kai damina ba. Wasu suna kaiwa.

Jiya da safe Laminu ya tafi. Na raka shi tasha. Yaya Isuhu yana tsaye ƙofar shagonsa, bai ƙaraso ba. Laminu ya ajiye jaka, ya tsallaka titi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya amsa gaisuwar, bai ƙara komai ba. Da kar ɗin, babbar motar fasinja, ya tayar, yaron ya leƙo ta taga ya ce: “Inna, ki riƙa sa ni a addu'a.” Na ce to. Ban tambaye shi wa yake ganin zan roƙa ba. Na tsaya har motar ta ɓace a hanyar Agadas, sannan na hau kabu-kabu na wuce aiki, don akwai mata biyu da na bari suna jira.

Hannuna ya gaji, kuma an kusa kiran magariba. Kai yanzu ka wuce inda ake gardama. Ko wane ne mai gaskiya a cikinku, kai ka riga ka sani, ka kuma yi shiru kamar sauran waɗanda suka sani. In kai ne, kada ka yi mini dariya ranar da na iso. In ba kai ba ne, ba zan tayar maka da zancen ba. Zan zauna kusa da kai kawai, in miƙe ƙafafuna.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka, ya haɗa ka da ɗan namu.

Matarka,
Habsatu